Yatsu Tara da Rabi

Da silifas na san Farin Gada,
da silifas na san gangaren Naraguta,
buhun kabeji biyu a baya,
karas a kan tankin mai.
Shekara shida ina haka.
Wata Talata, bayan yayyafi,
kwalta ta ce tana da magana da ni.
Silifas ya yi nasa wuri, ko ƙwarzane bai yi ba.
Babban yatsan hagu ne ya biya kuɗin hirar.

Tun daga ranar, in na zo wanke ƙafa a alwala
sai in ƙirga:
tara da rabi.

Davou, maƙwabcin gonata a Lamingo,
tsohon mahaƙin kuza, ba ya dariya sai da dalili,
ya dubi bandejin ya ce,
"Kai ka saya wa kanka hular kwano,
ƙafa kuwa ba 'yar gidan ba ce?"

Sai Katako, layin 'yan gwanjo.
Barau ya kwance dila,
takalma suka zube, kowane da warin ƙasar da ya baro.
Idona ya faɗa kan wani baƙi wul,
mai tsinin baki, irin na zuwa ɗaurin aure.
Davou ya karɓa, ya murɗe shi kamar mai matse wanki.
"Abin da hannuna ya lanƙwasa,
titi taunawa zai yi."

Ya ce in duba ƙasansa, ko yana da haƙora,
don baƙin mai a bakin gareji ba ya sallama.
Ya ce wuyansa ya haura idon sawu,
nan ne ƙashi ya fi kusa da waje.
Sannan ya zaro sifana daga aljihu
yana bin bakunansu ɗaya bayan ɗaya.
Buf. Buf.
Ƙwal!
"Ga mai ƙarfe."

Na ce a teburin mai shayi an ce
ƙarfen kan naɗe ya datse yatsu kamar almakashi.
Ya ce, "Nauyin da zai naɗe wannan,
in ya tarar da ƙafarka tsirara, me zai rage?
Ka tambayi masu shayin."

Amma na farkon ya cika baki.
Na turo babur har gaban rumfa, na hau,
ya ƙi shiga ƙarƙashin giya,
birki ma sai na ji kamar da ƙafar aro nake takawa.
Barau ya rantse zai saki in ya saba.
Fata na saki, Alhaji, ƙarfe ba ya saki.

Na biyun ruwan ƙasa ne, ya ɗan ga duniya,
akwai shatin ƙafar wani a ciki,
wani da ban sani ba, mai taka gefen dama.
Na gwada da safa biyu,
don ƙarfe da sanyin asubar Jos
abokan juna ne tun fil azal.
Ya shiga. Yatsu suka yi motsi a ɗakinsu,
har rabin ma ya miƙe.

Kuɗin buhu uku na kabeji.
Na tsaya ina lissafi.
Davou ya ce, "Nawa ka biya mai ɗori?"
Na ƙirgo.

Ladidi ta ji takuna tun daga zaure,
ta ce, "Yara, ku tashi, soja ya dawo."
Igiyar kuwa cusa ta nake yi ciki,
kar ta je gaida sarƙa.
Aibinsa ɗaya: ƙofar masallaci.
Kafin in kwance, liman ya kai ruku'u.

Shekaranjiya wani mai kura ya ja baya bai waiga ba.
Babur ya kwanta da kayansa a kan ƙafata,
tumatir ɗin mutane ya watse.
Na ji ƙwal, ban ji komai ba.

Fatar ta yage, ƙarfe ya leƙo yana ƙyalli.
Da azahar na zauna bakin famfo,
na zare safa, na ƙirga a hankali.
Tara da rabi.
Na sake ƙirgawa.